Mai Fatsa da Mai Masana'anta: Wa Zai Ja da Baya a Bakin Ruwa?

Ya mai karatu, bari in sa maka wata tambaya a gaba, ina roƙonka kada ka yi gaggawar amsawa. Ga mutum biyu sun haɗu a bakin kogi. Na farko ya zo da fatsa ranar hutunsa. Ba yunwa ce ta kawo shi ba, yana iya wuni bai kama kome ba, ya koma gida da farin ciki. Na biyu ya zo da takardun gini, yana so ya kafa tashar wutar lantarki wadda za ta haskaka gidaje dubbai, ta kuma ba ɗaruruwan magidanta abin yi. Idan bukatunsu suka ci karo, har ya zama dole ɗaya ya haƙura, wane ne ya kamata ya ja da baya?

Na san amsar da ta fara faɗo maka, gama ita ce ta fara faɗo mini. Mu da muka san zaman duhu, muka san asibitin da ake yin tiyata da fitilar hannu, muka san saurayin da ya gama karatu yana wuni a gindin bishiya babu aiki, da wuya mu ga dalilin da zai sa shaƙatawar wani ta tare abincin wani. Wannan amsa tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Amma akwai wurin da aka yi kusan shekara goma sha bakwai ana jan wannan tambaya a gaban alƙalai, abin da ya fito daga ciki kuwa ya isa mu zauna mu yi tunani a kansa.

Kogin Hudson yana jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 500, yana zuba cikin Tekun Atlantika daidai birnin Niyu Yok. Rabinsa na ƙasa yana da wata ɗabi'a da kogunanmu na tudu ba su da ita: cikar teku da janyewarta suna taɓa shi har garin Troy, kusan kilomita 250 daga bakin teku, saboda haka ruwansa yakan yi arewa na wasu sa'o'i, sa'an nan ya juyo kudu. 'Yan asalin ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, sun raɗa masa suna mai ma'anar kogin da ke gudu ta fuska biyu. Irin wannan wuri, inda ruwan daɗi ke saduwa da na gishiri, shi ne ɗakin haihuwar kifayen teku masu yawa. A cikinsu akwai wani babban kifi mai ratsi-ratsi a jiki, wanda masu fatsa na gabashin Amurka suke so ƙwarai. Bari mu kira shi mai-ratsi. Yawancin rayuwarsa a teku yake yinta, amma tsakanin Afrilu da Yuni yakan hauro kogi ya zuba ƙwai. Ƙwan ba ya manne da dutse, yawo yake yi cikin ruwa, 'ya'yan kuma su girma a wurare marasa zurfi kafin su fita teku. Don haka mutumin da ya kama mai-ratsi a gaɓar da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, wataƙila daga wannan ɗakin haihuwa kifinsa ya fito.

A shekarar 1962 kamfanin wutar lantarki na Con Edison ya bayyana niyyarsa ta gina tasha a jikin wani dutse mai suna Storm King, a bakin kogin. Dabarar ita ce, cikin dare sa'ad da bukatar wuta ta ragu, injuna su zuƙi ruwan kogi su kai shi wani babban tafki a bisa tudu, da rana kuma sa'ad da birni ya fi bukatar wuta, a sako ruwan ya gangaro ya juya injuna. Dabara ce mai kyau a kan takarda, bukatar kuma ta gaske ce. A ranar 9 ga Nuwamba 1965 wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 30 a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, har birnin Niyu Yok ya kwana cikin duhu. Sai dai bakin bututun da zai zuƙi ruwan yana a sashen kogin da ƙwai da 'ya'yan mai-ratsi suke yawo, kuma babu rariyar da za ta iya tace abin da bai kai ƙwayar gero girma sosai ba.

Wata ƙungiya mai suna Scenic Hudson, wadda aka kafa a 1963, ta kai ƙara. A watan Disamba 1965, 'yan makonni bayan wancan daren duhu, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke lasisin da aka ba kamfanin, ta ce a sake sauraron maganar, a duba har da batun kifi. Ta kuma yanke wani hukunci da ya fi wannan nisa: mutumin da abin da yake karewa kyan wuri ne, ko kiyaye halitta, ko wurin shaƙatawa, yana da ikon tsayawa gaban kotu ko da bai yi hasarar ko sisi ba. Kafin wannan rana, abin da aka saba shi ne a tambayi mai ƙara nawa ya rasa.

A nan nake so ka fara tsayawa, ɗan'uwana. Sa'ad da muka ce shaƙatawa ba ta isa ta tare aiki ba, wane ma'auni muka ɗauko? Ma'aunin kasuwa ne, wanda ba ya ganin kome sai abin da aka yi wa farashi. Amma ka duba rayuwarka. Hirar da ka yi da mahaifinka a hanyar gona, nawa ce? Inuwar kukar da ke ƙofar garinku, wa ya taɓa yi mata kuɗi? Abubuwan da suka fi riƙe ran mutum, yawancinsu ba a kai su kasuwa, rashin farashinsu kuwa shaida ce ta cewa sun fi ƙarfin ciniki. Mahalicci bai yi mutum domin aiki kaɗai ba, ya sa masa bukatar hutu kamar yadda ya sa masa bukatar abinci. Wanda ya yi kwana shida a gaban inji, ya ɗauki ɗansa rana ta bakwai suka zauna shiru a bakin ruwa, yana mai da wani abu cikin ransa wanda injin ya cinye.

Ka kuma lura da irin mutanen da suka tashi. A shekarar 1966 aka kafa Ƙungiyar Masunta ta Kogin Hudson. Wanda ya fara haɗa kansu wani marubucin mujallar wasanni ne mai son fatsa, Robert Boyle, amma yawancin 'ya'yan ƙungiyar ma'aikatan masana'anta ne, da kafintoci, da masu su da taru, da tsofaffin sojoji. Shugabansu na farko aikinsa haƙa kabari. Attajiri yana da lambunsa mai katanga, idan kogi ya ɓaci sai ya hau jirgi ya tafi wani wuri ya huta. Talaka kuwa kogin nan shi ne lambunsa, ba shi da wani. Idan ka ba masana'anta izinin ɓata ruwan da kowa ke da rabo a cikinsa, ka ƙwace daga hannun wanda ba shi da komai sai shi, ka ƙara wa wanda yake da yawa.

Abu na biyu shi ne, mai fatsa shaida ne. Kifi ba shi da baki, ba ya zuwa taron hukuma, ba ya rubuta takardar koke. Injiniyan da ya zo auna ruwa yakan yi kwana biyu ya tafi. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana zuwa wuri ɗaya da asuba ya san lokacin da ruwan ya sāke launi, ya san shekarar da kifi ya ragu, ya san ranar da naman ya soma warin mai. Masuntan Hudson ne suka tona yadda kifaye masu ɗimbin yawa suke mutuwa a bakin bututun tashar nukiliya ta Indian Point, ana kwashe su a manyan motoci zuwa juji. Su ne kuma suka zaƙulo wata tsohuwar doka ta 1899 wadda ta hana zuba shara a hanyoyin ruwa, ta kuma tanadi rabin tara ga wanda ya kai rahoto. Dokar ta daɗe a ajiye babu mai aiki da ita. Suka kai ƙarar kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central saboda bututun da ke zuba mai a kogi, suka karɓi dala 2,000, suka zuba kuɗin cikin ci gaba da sa ido. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai wanda ya saba shansa yake gane ya yi tsami. Ƙauna ce take buɗe ido. Wanda ba ya ƙaunar wuri yana iya wucewa ta kansa kullum bai ga yana mutuwa ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Hasara ba ta ɓacewa don an ƙi rubuta ta a littafin lissafi, wani ne dabam yake biya. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antu biyu na kamfanin General Electric, a garuruwan Fort Edward da Hudson Falls, sun zuba kusan tan 600 na wani sinadari da ake kira PCB cikin kogin. Shekaru da yawa babu dokar da ta hana, daga baya ma akwai takardar izini a hannu. Masana'antun sun ba mutane aiki na gaskiya, sun ciyar da iyalai. Amma wannan sinadari ba ya ruɓewa da sauri. Yakan kwanta cikin laka, ƙananan halittu su ci, ƙananan kifi su ci su, manyan kifi su ci ƙananan, a kowane mataki yana ƙara taruwa cikin kitse, har ya iso kwanon mutum. A 1976 jihar ta hana kamun kifi gaba ɗaya a wani sashe na saman kogin, ta kuma hana sayar da mai-ratsi da aka kama a ƙasansa. Iyalan da suka gaji su daga kakanni suka rataye tarunsu. Daga 2009 zuwa 2015 aka yi ta yashe lakar, aikin da ya ci fiye da dala biliyan ɗaya, duk da haka hukumar lafiya ta jihar ta ci gaba da gargaɗin mata masu shekarun haihuwa da ƙananan yara kada su ci kifin.

Ka yi tunani a kan jaririn da aka haifa a bakin wannan kogi shekara arba'in bayan an rufe bututun. Bai ci albashin masana'anta ba, ba a tambaye shi ba, amma an hana shi cin kifin kogin garinsu. Wa ya ba wani ikon ƙulla ciniki da gādon wannan yaro? Mun saba ɗaukar maƙwabci a matsayin wanda ke bayan katanga. Amma wanda ke ƙasan kogi, inda ruwanka ke gangarawa, maƙwabcinka ne, haka kuma wanda za a haifa bayan an binne ka. Abin da doka ta yarda da shi a yau ba lalle ne lamiri ya wanke shi ba.

Yanzu adalci ya wajabta in juya, in faɗa maka abin da ke ɗaya hannun, gama maganar da ta jingina gefe guda ba ta cika gaskiya ba. Cikin waɗanda suka yi yaƙi da tashar Storm King akwai masu hali waɗanda abin da ya fi damunsu shi ne kyan dutsen da suke hange daga gidajensu. Yana da sauƙi mutum ya ce kada a gina a nan, alhali ya kunna fitila kowane dare, ya bar hayaƙin ya sauka a unguwar waɗanda ba su da lauya. Wannan son kai ne da ya yafa rigar tsoron Allah. Sa'ad da aka rufe tashar Indian Point a watan Afrilu 2021, kifi ya huta, amma wurin da ke ɗaukar ma'aikata wajen dubu ya tsaya, garin ya rasa harajin da yake samu, wutar da ta maye gurbin kuma yawancinta daga ƙona iskar gas ta fito. Ko sulhun da ya kawo ƙarshen shari'ar Storm King a watan Disamba 1980, kowa sai da ya bar wani abu. Kamfanin ya janye aikin, ya ba da filin ya zama wurin shaƙatawar jama'a, kamfanonin wuta suka ba da kuɗin binciken kogin, su kuma masu kare kogin suka haƙura da neman a gina manyan hasumiyoyin sanyaya ruwa a sauran tashoshin. Babu wanda ya fita da duk abin da yake so.

Masu fatsa ma ba su fita da hannu fari ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 mai-ratsi ya yi ƙaranci ƙwarai a gaɓar Atlantika, babban dalili kuwa yawan kamu ne. Sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 1984, jihar Maryland ta hana kama shi ɗungum daga 1985 na tsawon shekara biyar, kafin a bayyana a 1995 cewa ya farfaɗo. A 2019 masu bincike suka sake samun ana kama shi fiye da kima, wannan karon kuwa mafi yawan kifin da ke mutuwa a hannun masu kamun shaƙatawa yake mutuwa. Ko wanda ya kama ya saki bai kuɓuta ba, gama hukumomin suna lissafa cewa kashi 9 cikin 100 na kifin da aka saki ba ya rayuwa. Wanda ya ce wa masana'anta ta kame hannunta, dole shi ma ya yarda a ƙayyade masa abin da zai ɗauka. In ba haka ba, rabonsa kawai yake karewa, yana kiran abin da sunan kifi.

To, ina muka tsaya? Ga abin da na gani, ka auna shi da kanka. Tambayar da na fara da ita tana da aibi, domin ta nuna mutum biyu kaɗai a bakin kogi. A bayan mai fatsa akwai taron da ba a gani: mai taru da ke ci daga ruwan, matar da ke soya kifi tana sayarwa, yaron da ba a haifa ba, da halittun da aka ba mu amanarsu ba tare da an ba su bakin magana ba. Mai fatsa shi ne kaɗai daga cikinsu da ya sami hali ya zo wurin shari'a. Saboda haka idan irin wannan magana ta taso, akwai tambaya uku da ya kamata mai lamiri ya yi. Shin ana iya yin wannan aiki a wani wuri, ko ta wata hanya, ko da zai ƙara tsada? Wa zai ɗauki nauyin ɓarnar, an kuwa tambaye shi? Idan muka yi kuskure, ana iya gyarawa? Masana'anta tana iya ƙaura, ana iya sāke mata tsari, ana iya samo wuta ta wata hanya. Birnin Niyu Yok bai zauna cikin duhu ba don ba a gina Storm King ba. Amma kifi ba ya karanta sanarwa ya koma wani kogi ya zuba ƙwai. Inda ɗaya yake iya matsawa, ɗayan kuwa ba ya iyawa, adalci ya ce mai iya matsawa ya matsa. Inda kuma babu wata hanya sai a yi aikin, to, wanda zai ci ribar shi ne zai biya kuɗin kiyaye ruwan tun daga farko, kada a bar wa jikokin wasu.

Kada ka ce wannan labarin mutanen nesa ne. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni, inda man fetur ya kashe itatuwan bakin teku da kifi ke haihuwa a ƙarƙashinsu, ta ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kakanninmu ma sun san wannan hikima tun kafin a rubuta ta a doka. A Argungu ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, sai ranar biki, saboda haka ne ake samun giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Sun gane cewa ruwan da ba a bari ya huta ba, wata rana zai daina bayarwa.

Ya mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa tsayawa gaban kotu saboda kifi ba. Amma kana da ruwan da ke fita daga gidanka, ko shagonka, ko gonarka, yana gangarawa wani wuri. Ka taɓa bin sa ka ga inda yake zuwa, da wanda yake sha a can? Idan kana da hannu a wurin da ake ba da izini, ka taɓa tambaya wa ba a gayyata wurin shawarar ba? Idan kuma kai ne mai kuka da ɓarnar manya, ka duba ragar da ke hannunka, ko idonta ya isa ƙaramin kifi ya wuce. Duniyar nan ba mu muka yi ta ba, riƙo aka ba mu, mai riƙon amana kuwa za a tambaye shi yadda ya karɓa da yadda ya mayar. Wannan mako, ka je bakin ruwan da ya fi kusa da kai, ka zauna ka dube shi da kyau, ka tambayi dattijon da ya daɗe a wurin yadda yake sa'ad da yana yaro.